Lady Anne Clifford da rigimar gadon da ta ci shekara 38

A ƙarshen watan Oktoba na 1605 George Clifford, mai riƙe da sarautar Earl na Cumberland a arewacin Ingila, ya mutu a Landan. Ya bar mata ɗaya, 'ya ɗaya mai shekara 15, da bashi har wuya. Da aka buɗe wasiyyarsa sai aka tarar ya tattara ƙasar gidansu kakaf, wato yankin Craven da ke Yorkshire da kuma Westmorland, da gidajen sarauta masu ganuwa da ke cikinsu, ya miƙa wa ƙanensa Francis. Ita 'yar, Anne, ya ce a ba ta fam 15,000. Kuɗi ne masu kauri a wancan zamani, za su aurar da ita ga duk ɗan sarautar da aka ga dama. Amma ita da uwarta suka ce ba su san wannan zance ba, ƙasa tasu ce, kuma uban ba shi da hurumin ba da abin da tun asali ba nasa ba ne shi kaɗai.

Wanda ya saba da rabon gado na Musulunci zai ga abin banbaraƙwai, domin a can lissafin a fili yake: 'ya tilo ta ɗauki rabi, mata ta ɗauki tumuni, ɗan'uwan mamaci ya ɗauki ragowar. Manyan gidajen Ingila ba sa raba ƙasa ko kaɗan. Dunƙule ta ake yi a ba mutum ɗaya, don kada gidan ya tsinke. Don haka rigimarsu kullum ita ce wane ne wannan mutum ɗaya, amsar kuma tana cikin tsohuwar takardar da sarki ya ba kakan farko. Wata takardar ta ce ƙasa ta bi maza zalla. Wata ta ce ta bi 'ya'yan cikin mai ita, mace ko namiji, sai an rasa su sannan a waiwayi 'yan'uwa.

A nan gidan Clifford ya harɗe. Sarauta biyu ce a kan George. Akwai tsohuwa, ta Baron, wadda ta faro a 1299 lokacin da sarki ya kira Robert de Clifford majalisa, irin wannan kuwa mace na iya gadonta. Akwai sabuwa, ta Earl, wadda Sarki Henry na Takwas ya ba gidan a 1525 bisa sharaɗin maza kawai. Sarautar Earl dai babu gardama, ta baffa Francis ce. Ƙasar fa? Skipton, cibiyar yankin Craven, ta shigo gidan ne a zamanin Sarki Edward na Biyu, a 1310, kuma sharaɗin da aka ɗaure ta da shi bai ware mace ba. Westmorland ma ta hannun mace ta shigo, Isabella de Vipont, wadda ta auri wani Roger Clifford ta zo masa da ƙasar ubanta. Hujjar Anne ke nan: ƙasar ta girmi sarautar Earl da shekara ɗari biyu, don me za ta bi ta?

Shi uban ba don ƙiyayya ya yi ba, ko da yake ba za a ce ya kyauta ba. George mutum ne na fada da teku. Shi ne gwarzon da ke hawa doki da mashi da sunan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a wasannin fada, har yana maƙala safar hannunta a hularsa. Ya yi ta haɗa jiragen ruwa da kuɗinsa yana tare jiragen Sifaniya da izinin gwamnati, a 1598 ma ya kama San Juan a Puerto Rico. Sai dai abin da yake kashewa ya fi abin da yake samowa, ga caca, ga tseren dawakai. 'Ya'yansa maza biyu, Francis da Robert, sun mutu suna ƙanana. Shi da matarsa kuma sun daɗe ba sa zama gida ɗaya. A lissafinsa, Earl da ba shi da ƙasa abin dariya ne, kuma yarinya da uwarta ba za su iya da masu bin bashi ba. Ya dai bar ƙofa ɗaya a buɗe: in zuriyar ƙanensa ta maza ta yanke, ƙasa ta koma ga Anne. A lokacin Francis na da ɗa namiji lafiyayye, Henry, don haka babu wanda ya ɗauki wannan sharaɗi da muhimmanci.

Masu ba da labarin Anne sun cika ɗora komai a kan taurin kanta, amma a ganina ainihin mai shari'ar uwarta ce. Margaret Russell 'yar Earl na Bedford ce, gida mai ƙarfi a fada, kuma yayarta, matar Earl na Warwick, tana cikin na hannun daman Sarauniya Elizabeth. Margaret ce ta nemo wa 'yarta malami, mawaƙi Samuel Daniel. Ita ce ta sa masana tsofaffin takardu suka shiga rumbunan ajiya suna kwafo duk wata shaidar da ta shafi gidan Clifford tun ƙarni na goma sha uku. Ita ce ta shigar da ƙara. A 1607 ta ɗauki 'yar suka tafi arewa don ta ga ƙasarta da idonta, mutanen baffa suka rufe musu ƙofar gidan Skipton, gidan da aka haifi Anne a cikinsa a watan Janairun 1590. Kuma Margaret tana da makami ɗaya mai kaifi: tun lokacin aurenta an ware mata ƙasar Westmorland ta ci amfaninta muddin ranta. Ma'ana, muddin tana numfashi, ƙafar baffa ba za ta taka wannan ɓangare ba.

Sai aure ya shigo ya ƙara dagula lissafi. A watan Fabrairun 1609 aka ɗaura wa Anne aure da Richard Sackville, bayan kwana biyu ubansa ya mutu ya zama Earl na Dorset, mai gidan Knole a Kent, ɗaya daga cikin gidaje mafi girma a Ingila. A dokar ƙasar ta lokacin, mace in ta yi aure ita da mijinta sun zama mutum ɗaya a gaban alƙali, kuma wannan mutum ɗayan mijin ne. Ba ta shigar da ƙara da sunanta ita kaɗai, abin da ƙasarta ta samar kuma aljihunsa yake shiga. Sai a 1882 doka ta ba matar aure cikakken ikon mallakar dukiyarta. Abu ɗaya ne tsohuwar dokar ta bar wa mace: ba a sallama ƙasar gadonta sallama ta har abada sai ta amince da kanta. Duk rigimar shekarun 1615 zuwa 1617 a kan wannan amincewa ta tsaya.

Dorset almubazzari ne na ƙin ƙarawa. Karta, zakarun faɗa, tufafin alfarma, matan waje, babu wanda bai taɓa ba. Ƙasa mai duwatsu da tumaki can kusa da iyakar Sikotlan ba ta dame shi ba, kuɗi a hannu yake so. Baffa Francis kuwa a shirye yake ya biya don a rufe zancen. To ka ga miji da baffa sun zama bakinsu ɗaya, saura sa hannun mace ɗaya.

Mun san yadda aka matsa mata ne saboda tana rubuta abin da ya faru da ita kusan kullum, kuma rubutun na 1616, 1617 da 1619 ya tsira. A watan Fabrairun 1616 aka tara mata manya a Landan, har da babban limamin cocin Ingila, George Abbot na Canterbury. Aka yi lallashi, aka yi barazana, aka kawo mata zancen Allah da biyayyar aure. Abin da ta iya samu kawai shi ne a ba ta lokaci ta je ta shawarci uwarta. Ta yi doguwar tafiya zuwa Brougham a Westmorland, uwa da 'ya suka zauna, amsa ta fito: a'a. Dorset ya fusata, ya aika a dawo masa da keken dokinsa da barorinsa, a bar ta can. Ran 2 ga Afrilu ta yi sallama da uwarta a bakin hanya kusa da Brougham ta kamo hanyar kudu. A watan Mayu mijin ya sa aka ɗauke 'yarsu Margaret, wadda ba ta cika shekara biyu ba, aka raba ta da ita. Yana Landan yana caca ana yaba masa, ita tana Knole kowa na zarginta da taurin kai, har ta kwatanta kanta da mujiya a cikin hamada. Kafin watan ya ƙare labari ya iso cewa uwarta ta mutu. Da mutuwarta rabon Westmorland ya faɗi, katangar da ta rage ta rushe.

A watan Janairun 1617 maganar ta kai gaban Sarki James na Ɗaya da kansa. Anne ta san fadar nan tun tana ƙarama, kuma ba ta cika ganin girmanta ba. Ita ce ta rubuta cewa a 1603, da suka je gaishe da sabon sarkin, kwarkwata suka kwaso a ɗakin wani bafadensa. Kafin ta shiga, matar sarkin, Sarauniya Anne 'yar Denmark, ta ja ta gefe ta gargaɗe ta kada ta sakar wa sarki al'amarinta gaba ɗaya, don zai iya yaudararta. Sarki ya nemi ɓangarorin su yarda ya yanke hukunci kowa ya bi. Baffa ya yarda, ɗan baffa ya yarda, miji ya yarda. Ita ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba za ta rabu da Westmorland ba muddin tana raye, ko da wane sharaɗi. A zama na biyu aka kulle ƙofa, ga lauyoyi, ga manyan fada, sarki ya hasala. A nan Dorset ya yi abin da ya sa ba za a yi masa baƙin fenti gaba ɗaya ba: ganin sarki na shirin ci mata mutunci a bainar jama'a, ya nemi a buɗe ƙofa a fitar da ita. Aurensu haka yake, yau faɗa gobe shiri, kuma ko a rubutunta na tsufa ba ta hana shi yabon da ya cancanta ba.

Hukunci ya fito a watan Maris ba tare da ita ba. Ƙasa ta baffa ce da zuriyarsa maza, shi kuma ya biya diyya. Fam 17,000 suka shiga hannun Dorset, suka bi ta inda sauran suka bi.

To me ƙin sa hannun ya tsinana mata? Tambaya ce da ya kamata a yi ta tsakani da Allah, domin a zahiri an kayar da ita. Babu kotun da ta mayar mata da ƙasar. Abin da ya dawo mata da ƙasa a ƙarshe mutuwa ce: baffa Francis ya mutu a 1641, ɗansa Henry ya bi shi a watan Disambar 1643, 'ya'yan Henry maza kuwa duk sun riga shi tun suna jarirai. Sharaɗin nan da aka raina a wasiyyar ubanta shi ya yi aiki. Wani zai ce ashe da ta sa hannu ma haka za ta kasance, ta huta da baƙin ciki. Ni ban ga haka ba. Wanda ya karɓi diyya da hannunsa ya amsa cewa an saye haƙƙinsa, kuma cikin shekara 26 da suka biyo baya ba a san irin sabuwar takardar da lauyoyin baffa za su ƙulla a kan wannan amsawa ba, musamman da yake Henry na da 'ya mace, Elizabeth, wadda ta auri ɗan babban gidan Boyle. Anne ta bar iƙirarinta a raye, tana sabunta shi a hukumance, a 1628, a 1632, a 1637. Da ranar ta zo, ta shiga ƙasar a matsayin mai ita tun 1605 wadda aka tare wa hanya, kuma haka ta rubuta a kan duwatsun gine-ginenta.

Tsakanin nan rayuwa ba ta tsaya ba. Ta haifa wa Dorset 'ya'ya biyar, maza uku suka mutu suna jarirai, mata biyu suka rayu, Margaret da Isabella. Da ɗaya cikin mazan ya rayu, da labarin ya sauya, don babu sarkin da zai yi wasa da haƙƙin magajin Dorset. Mijin ya mutu a 1624, Knole ta koma ga ƙanensa Edward, wanda ba sa ga maciji da Anne. A shekarar ta kamu da agana, ta tashi da zanzana a fuska, har ta ce ta gama aure. Amma a 1630 ta auri Philip Herbert, Earl na Pembroke da Montgomery, babban jami'in fadar Sarki Charles na Ɗaya, mutum mai zafin rai da ɗanyen baki wanda dawakai da karnukan farauta suka fi littafi daraja a wurinsa. Mutane sun yi mamaki. Lissafin dai a fili yake: bazawara mai 'ya'ya mata biyu da maƙiya a dangin miji da dangin uba tana bukatar inuwa. Zaman bai yi daɗi ba, zuwa 1634 kowa ya kama gabansa, daga baya kuma suka sake saɓawa da ya so a ba ɗansa Isabella ta ƙi. Duk da haka inuwar ta yi rana. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1642 tsakanin sarki da majalisa, zuciyar Anne na wajen sarki, mijinta na wajen majalisa, sunansa ya kare ta da dukiyarta tana zaune a gidansa na Baynard a Landan.

A can ne, a 1646, ta sa aka zana wani babban hoto mai sassa uku da yanzu ke Kendal. A hagu ita ce tana da shekara 15, shekarar da aka hana ta gado, kewaye da littattafai. A dama ita ce tana da shekara 56 cikin baƙaƙen kaya. A tsakiya uwa da uba da 'yan'uwanta maza biyu da suka mutu. Mazajenta biyu, manyan masu sarauta, an ba su ɗan gurbi a jikin bango a bayanta, ƙananan hotuna a rataye. Wanda ya kalli hoton ya san gidan da take ganin nata ne.

Sai a 1649, bayan an sare kan Sarki Charles, ta kama hanyar arewa tana da shekara 59, kuma ba ta sake komawa kudu ba. Pembroke ya mutu a farkon 1650, ta zama ba ta da mai ce mata yi ko bari. Abin da ta tarar kango ne. Skipton ta sha kewayewar sojojin majalisa har ta miƙa wuya a Disambar 1645, aka rushe sassanta. A Westmorland kuma gidan Brough ya ƙone tun 1521, na Pendragon ma ya daɗe a zube. Ta gyara Skipton, Appleby, Brougham, Brough, Pendragon da hasumiyar Barden, a zamanin da gwamnatin Cromwell, jagoran ɓangaren majalisa, ke kallon duk gida mai ganuwa da idon zargi. Ta gyara coci-coci, ta gina gidan gajiyayyu a Appleby na zawarawa goma sha biyu da shugabarsu. A wurin da ta rabu da uwarta ta kafa ginshiƙin dutse a 1656, ta kuma ware fam huɗu a riƙa raba wa matalautan Brougham duk ran 2 ga Afrilu. Ta riƙe muƙamin Sheriff na Westmorland, wanda gadon gidansu ne, wato ita ce wakiliyar sarki a harkar shari'a da zaɓe a lardin, abin da ba a saba gani a hannun mace ba.

Tana yawo tsakanin gidajen nan bi da bi, wata da watanni a kowanne, a cikin wani ɗan gado mai rumfa da dawakai biyu ke ɗauka, ayarin barori da maƙwabta na biye, ta hanyoyin duwatsun da keken doki ke shan wuya. Kyautar da ta fi so ta ba mutum ita ce ƙatuwar kubar ƙofa da wani maƙerin Appleby ke ƙera mata, da haruffan A.P. a jiki, wato Anne Pembroke. Har yau akwai irinsu a ƙofofin tsofaffin gidaje da coci na yankin.

Kada a ɗauka waliyyiya ce, ko mai fafutukar 'yancin mata irin na yau. Haƙƙin jinin Clifford take karewa, kuma yadda ta hana a ci nata haka ta hana a ci ko ƙwandala daga abin da take bin talakawanta. Manoman da ke hayar gonakinta sun saba da sassauci a shekarun rikici, ta maka su kotu shekara da shekaru a kan kuɗin da ake biya idan sabon mai ƙasa ya hau, ta kori waɗanda suka ƙi. Ana ba da labarin wani attajirin masaƙa da ya ƙi kawo kazar da al'ada ta ɗora wa gonarsa duk shekara. Ta kashe ɗaruruwan fam a shari'a a kan kaza ɗaya, ta ci, sannan ta gayyace shi cin abinci aka kawo kazar a dafe suka raba. Ko labarin ya sha gishiri, ya dace da halinta. A 1668 ma da gwamnati ta so a ba Joseph Williamson kujerar Appleby a majalisa, ta ce kujerar ta jikanta ce, Thomas Tufton, kuma shi ya samu.

Ta mutu ran 22 ga Maris 1676 tana da shekara 86, a Brougham, a ɗakin da aka haifi ubanta, inda kuma uwarta ta cika. Aka binne ta a cocin St Lawrence na Appleby kusa da uwar. Kabarin uwar na da mutum-mutumi, nata babu, sai jerin tambarin kakanni a bango, aure bayan aure, har zuwa kanta. Ta bar manyan kundaye uku na tarihin gidan, ci gaban aikin da uwarta ta fara. Rubutunta na yau da kullum kuwa Vita Sackville-West ce ta buga shi a 1923, 'yar gidan Knole, wadda ita ma bayan shekara biyar ubanta ya mutu gidan ya tsallake ta ya tafi ga baffanta saboda ita mace ce.

Isabella ta riga uwarta mutuwa, 'yarta tilo da ta rage ma ba ta bar baya ba, don haka komai ya tattaru a gidan Margaret, wadda ta auri John Tufton, Earl na Thanet. 'Ya'yan Margaret maza huɗu suka riƙe sarautar ɗaya bayan ɗaya. Na huɗun shi ne Thomas, jikan nan da ta tsaya wa a Appleby. A 1691 majalisar dattawan Ingila ta amince masa da sarautar Baron de Clifford ta hanyar kakarsa, wanda ke nufin an yarda, shekara 15 bayan mutuwarta, cewa sarautar tata ce tun ranar da ubanta ya mutu. Shi dai wannan Thomas ɗin ne ya ga gidaje da yawa ɗawainiya ce, ya sa aka kwashe rufi da duwatsun Brougham, Brough da Pendragon, aka yi gyaran Appleby da wasu, aka sayar da wasu. Ya mutu a 1729, 'ya'yansa maza sun mutu suna ƙanana, mata ne suka rage. Ƙasa ta bi sarautar Earl zuwa ga ɗan ƙanensa, tsohuwar sarautar Baron kuma aka ba 'yarsa Margaret a 1734.